Hoto Ba Awo Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa a Yarda da Na'ura Ba Gwaji

Malam, na karanta rubutunka a kan bututun man da ya taso daga Kulele ta Agadem, ya ratsa Arewarmu ta Nijar, ya haye kogin Isa ta wajen Gaya, ya gangara Seme a ƙasar Benin. Ka ce zamanin fargabar tsatsa da tsaga ya wuce, domin yanzu akwai na'urori masu kamara da hasken leza da ake turawa cikin bututu su ɗauko hoton bangonsa tun daga farko har ƙarshe. Ka ce gani ya kori ji, hoto kuma ba ya ƙarya. Masu neman a riƙa gwada waɗannan na'urori, a haƙa ƙasa a tabbatar da abin da suka faɗa, a ganinka ɓarnar kuɗi da lokaci suke nema, kuma suna ɗauke hankalin hukuma daga ainihin masifar, wato 'yan bindiga. Sannan ka jawo Sarauniya cikin zancen, ka ce bai dace jikokin matar da ta tsaya wa Turawa a Lugu su zama masu sanyaya gwiwar ƙasa a kan arzikin da zai tsame ta daga roƙo ba.

Ni ɗan Lugu ne, kuma ina cikin masu neman gwajin. Saboda haka maganar ta iso ƙofarmu, dole in amsa.

Inda ka yi gaskiya ba zan ja da kai ba. Ranar 12 ga Yunin 2024 an kashe sojojinmu shida masu gadin bututun a wajen Salkam, cikin gundumar Tibiri, nan ƙasar Arewa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fasa bututun a yankin Tasker ta jahar Damagaram, ƙungiyar tawaye ta FPL ta ce ita ta yi. A Disamban wannan shekarar aka sake kai masa hari a wajen Gaya. Duk wanda ya ce matsalar tsaro ƙarama ce bai san abin da ake ciki ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu. Amma daga "akwai 'yan bindiga" zuwa "kada a gwada na'ura" akwai tazara mai nisa, kuma ka tsallake ta da karin magana guda.

Bari mu duba yadda na'urar hasken take aiki, domin a nan rubutunka ya yi sauri. Ana ɗora fitilar leza a kan wani keke da ke tafiya cikin bututu. Fitilar tana zana zoben haske a jikin bangon ciki, kamara kuma tana bayanta tana ɗaukar hoton zoben sau da yawa a kowace daƙiƙa. Idan bango lafiyayye ne, zoben ya fito da'ira sumul. Idan akwai rami da tsatsa ta ci, zoben ya ɗan gusa waje a daidai wurin. Idan akwai lotsawa ko wani abu ya manne, ya guso ciki. Kwamfuta ce ke ƙirga yawan ɗigon hoton da zoben ya gusa, ta mayar da su milimita. To wannan mayarwar ita ce komai. Kafin ɗigo ya zama milimita sai an san tazarar da ke tsakanin fitila da kamara daidai wa daida, an san kusurwar da suke kallo, an gyara lanƙwasar da gilashin kamara ke yi wa hoto a gefe-gefe, an kuma tabbatar keken yana tafiya a tsakiyar bututu bai karkata ba. Girgizar mota a hanyar da ba kwalta tana iya gusar da kamara da ɗan abin da ido ba zai gani ba. Zafi yana buɗa ƙarfen da aka ɗaure kamarar a kansa, kuma wanda ya san ranar Afrilu a Dogon Dutsi ya san irin zafin da nake nufi. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi. Ƙarfe mai sheƙi yana watsa hasken, tsatsa mai duhu tana shanye shi. Duk waɗannan suna canza lambar da za ta fito, amma ba ɗayansu da zai hana hoton fitowa fes a kan allo, da launukansa ja da kore da shuɗi. Na'urar da ta kauce ba ta kuka, ba ta tsayawa. Lamba take bayarwa kamar kullum, har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda ban ga ka ambata ba ko sau ɗaya. Haske ba ya ratsa ɗanyen mai. Bututun da ke cike da mai duhu ne ƙirin, kamara ba ta ganin ko tafin hannu a cikinsa. Kafin ta yi aiki sai an tsayar da turawa, an kwashe man, an wanke bangon, domin ɗanyen mai yana barin kaki da dauɗa a jikin ƙarfe, kuma kakin nan yakan cike ramin tsatsa ya shafe shi, leza ta bi ta kai ta ce bango lafiya lau. Ko an wanke ɗin, fuskar ciki kawai haske ke gani. Tsatsar da ke cin bututu daga waje, ta inda rigar robar da aka lulluɓe shi da ita ta yage, damshin ƙasa ya shiga, ba ta bayyana a ciki sai ranar da ta huda. Tsagar da ta fara a cikin naman walda ma haka. Shi ya sa a dogayen bututun mai na duniya ba kamara ake dogara da ita ba. Wasu na'urori ake saki cikin man, shi yake tura su, ɗaya tana aiki da maganaɗisu tana jin inda ƙarfe ya ragu, ɗaya da sautin da kunne ba ya ji tana auna kauri da tsaga. Haske yana da wurarensa, kuma a wuraren yana da amfani ƙwarai: duba cikin walda da zagayen bututu kafin a zuba mai, da kuma auna ramukan tsatsa daga waje bayan an haƙo bututun, an cire rigarsa, an goge shi da yashi har ƙarfen ya fito. Amma cewa ido ɗaya na leza yana ganin lafiyar bututu mai tsawon kilomita kusan 1,950, wanda 1,275 daga ciki suke ƙasarmu, wannan ko masu ƙera na'urar ba sa faɗin haka.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan aikin da idona, ba a bututun mai ba, a rijiyar burtsatse ta wani ƙauye a yankin Ɗankasari. Ruwa ya fara fitowa da yashi, aka kira masu kamara. Suka kafa ƙafa uku a bakin rijiyar, suka zura kamarar da igiyar waya, mu kuma muka taru a bayan wani ɗan allo da aka rufe da zane saboda rana. Abin sha'awa ne: kana ganin haɗin bututu yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, a kusurwar allo kuma lamba tana hawa, tana faɗin zurfin da aka kai. Da aka iso ruwa sai hoton ya yi hazo, kamarar ta tayar da laka, aka jira ya kwanta. Can ƙasa aka ga tsagar, kowa ya gan ta, har wani dattijo ya kai yatsa ya taɓa gilashin. Aka rubuta zurfin. Wani tsohon magini da ya yi shekaru yana aikin rijiyoyi ya ce a jawo igiyar a shimfiɗa ta a ƙasa a auna da mita ta hannu. Aka yi masa gardama, ya nace. Da aka auna sai ga bambanci da ya fi kamu biyu, domin igiyar ta jiƙe tana zamewa a kan ƙaramar tayar da ke ƙirga zurfin. Tsagar gaskiya ce, hoton gaskiya ne, lambar ce ba daidai ba. Da an bi lambar, da an toshe inda ba ciwo an bar inda yashi ke shiga.

Masu wannan sana'a a duniya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa sayar da na'ura da alkawarin ba ta kuskure. Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ake kira API 1163 tun 2005 domin tantance na'urorin da ake turawa cikin bututu, kuma jigon ƙa'idar shi ne mai na'ura ya rubuta iyakar kuskurenta, mai bututu kuma ya tabbatar da ita a fili. Abin da aka saba gani a takardar na'urorin maganaɗisu shi ne: zurfin ramin da ta faɗa yana iya ƙaruwa ko raguwa da kashi 10 cikin 100 na kaurin bango, kuma wannan alkawarin yana cika sau 80 cikin 100. A ce bangon milimita 10 ne, na'ura ta ce tsatsa ta ci 4. Ma'anarsa tsakanin 3 da 5 ne, kuma awo ɗaya cikin biyar yana iya fita daga wannan iyakar gaba ɗaya. Wannan fa a na'ura mai kyau ke nan, wadda aka kula da ita, a hannun ƙwararre. Malam, idan masu abin suna rubuta kuskurensu da hannunsu, a kan me mu za mu rantse musu?

Ga abin da ya faru inda aka yi sakaci da wannan. Ranar 19 ga Mayun 2015 bututun kamfanin Plains ya fashe a gaɓar Refugio ta jahar Kalifoniya, mai ya gangara cikin teku. Kimanin makonni biyu kafin nan an tura na'urar bincike ta cikinsa. Abin da ta auna a daidai wurin da ya fashe shi ne tsatsa ta ci kashi 47 cikin 100 na bangon. Da aka yanko ƙarfen aka kai ɗakin gwaji, sai aka tarar kashi 89 ne. Tsatsar daga waje ta ci, ƙarƙashin rigar da ke riƙe zafi. Kafin wannan, a Yulin 2010, bututun kamfanin Enbridge ya tsage a kusa da Marshall ta jahar Mishigan, ganga kusan 20,000 ta malala har kogin Kalamazu, aka yi awa 17 kafin masu lura da allo su gane fashewa ce. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa na'ura ta ga wannan tsagar tun 2005, amma aka sa ta a ajin da bai kai na gaggawa ba, ta zauna shekara biyar tana girma. Sharar wurin ta ci fiye da dala biliyan ɗaya. Waɗannan na'urori biyu ba na haske ba ne, na maganaɗisu ne da na sauti, waɗanda suka fi haske gani a cikin ƙarfe. Ƙasar kuma Amurka ce, mai hukumomin sa ido da ɗakunan gwaji da kotuna. A wuri na farko awon ne ya kauce, a na biyu mai karanta awon ne. Duka biyun haƙa da aunawa da hannu ne maganinsu, wato abin da ka kira ɓarnar kuɗi.

Ka ce bututunmu sabo ne, an aza tubalinsa a Satumban 2019, an ƙaddamar da shi ranar 1 ga Nuwamban 2023, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024, tsatsa ba ta ma san da shi ba. Sabuntar ce ta sa nake magana yanzu. Awon tsatsa ba ya da ma'ana shi kaɗai, sai an gwama shi da na baya. Idan aka ga rami mai zurfin milimita biyu bayan shekara biyar, tambayar da za ta yanke hukunci ita ce: tun daga masana'anta yake haka, ko cikin shekara biyar ya ci wannan? Idan na biyun ne, ana iya lissafa shekarar da zai huda. Ba mai iya amsa wannan sai wanda yake da awon farko, kuma awon farkon da aka yi da na'urar da ba a tantance ba zai gurɓata duk lissafin da za a ɗora a kansa har shekara ashirin.

Hare-haren da ka kafa hujja da su ma hujjata ce. Duk inda aka fasa bututu aka gyara, an yanke, an sa sabon guntu, an yi walda a daji, sau da yawa cikin gaggawa da fargaba, domin kowace rana ta tsayawa kuɗi ne. Ƙarfin fashewa ba ya tsayawa a inda ya huda, yana lotsa ƙarfe a gaba da baya, yana yaga rigar waje. Lotsawar da aka bari, musamman wadda ke da karce a cikinta, tana daga cikin wuraren da tsaga ke farawa, domin matsin mai yana hawa yana sauka a kanta kullum. A nan ne ma na'urar leza ta hannu take da babban amfani, domin bututun yana buɗe, ana iya zana siffar lotsawar gaba ɗaya. Amma daga lambar da ta bayar ne injiniya zai ce a yanke ko a mayar da ƙasa. Soja ya ba da ransa yana gadin bututu, sannan a rufe gyaran da awon da ba wanda ya tabbatar? Wannan ba girmama jininsa ba ne.

To mene ne gwajin da muke nema, da har ya zama abin tsoro? A kasuwar Dogon Dutsi ba mai sayen hatsi da tiyar da bai yarda da ita ba. Idan ya yi shakka, ya ce a gwada ta da tiyar da kowa ya sani, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi. Iyakar abin ke nan. A samo guntayen bututu irin namu, faɗinsu da kaurinsu ɗaya, a sassaƙa musu ramuka da tsagogi da lotsawa da gangan, a auna kowanne da ma'aunin da aka tabbatar, a rubuta a ɓoye. A ba mai na'ura ya bi ta ciki bai san inda suke ba, ya faɗi nawa ya gani da zurfin kowanne. A sake, a sake, da safe da tsakar rana, a bututu wankakke da wanda aka shafa wa mai, a juya guntun yadda ramin da ke sama zai koma ƙasa. Daga nan za a san abubuwa da hoto ba zai taɓa faɗa ba: ƙaramin ramin da take fara tsallakewa, sau nawa take ganin abin da babu, da kuma ko kuskurenta ya fi karkata ga rage zurfi, wanda shi ne kuskuren da ke kashe mutane. Bayan an yi bincike na gaske a bututun, a zaɓi wurare a haƙa, ba waɗanda ta ce sun fi muni kawai ba, har da waɗanda ta ce ƙananan ne da waɗanda ta ce ba komai, a auna da hannu a jera lambobin biyu gefe da gefe. Ita ma na'urar hannun da za a yi hukunci da ita, a gwada ta a kan sandar ƙarfe mai sanannen awo kafin a fara aiki da bayan an gama.

Kuɗin wannan ba ya kusa da abin da ake tsaro. Bututun an yi shi ne domin ya ɗauki ganga 90,000 a rana, wato ganga 3,750 a kowace awa, kowace ganga lita 159. Faɗinsa inci 20 ne, kuma kilomita ɗaya tak na irin wannan bututu yana riƙe da fiye da ganga 1,000 ko da an kashe injin turawa. Ka ɗauki waɗannan lambobi ka kai su Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa Arewa daga Matankari da Dogon Dutsi ya bi ta Tibiri ya gangara ƙasar Gaya. Mu mutanen tudu, irin Lugu, mun san wahalar rijiya mai zurfi, mun san tsawon igiyar da mata ke ja. A cikin kwarin kuwa ruwa yana kusa, ƙasar yashi ce mai shanye duk abin da aka zuba mata, kuma a kan wannan ruwan ake lambun rani, ake shayar da garke, ake sha. Ƙasan kwarin an sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2004. 'Yan'uwanmu suna aure a can, dabbobinmu suna sha a can. Fashewa mai ƙara kowa zai ji ta, a rufe bawul a kawo agaji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙaramin huji mai ɗiga a ƙarƙashin ƙasa wata da watanni, wanda injin lura da matsi ba zai ji ba, sai ranar da wata mata ta jawo guga ta ji wari.

Ba sai mun je Amurka ba domin ganin ƙarshen wannan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni ta Najeriya a Agustan 2011 ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Amma darasin da ya fi shafar gardamarmu yana garin Bodo, can ƙasar Ogonin. Mai ya malala can sau biyu a 2008 daga bututun kamfanin Shell. Kamfanin ya fara da cewa abin da ya zuba kimanin ganga 4,000 ne kawai. Sai da masunta suka kai ƙara Landan, kamfanin ya amsa cewa lissafinsa ya yi ƙasa da gaskiya, a Janairun 2015 ya biya fam miliyan 55. Shekaru suka wuce ana jayayya a kan lamba, domin ma'aunin yana hannun ɓangare ɗaya. A can, idan aka rubuta cewa ɓarayi ne suka huda bututu, diyyar manomi ta tafi. Idan aka rubuta tsatsa ce, kamfani ya biya. Kalma ɗaya a takardar bincike ita ke raba mutum da gonarsa.

Yanzu ka dubi Arewa da halin da muke ciki. A ƙasar da ake kai hari, duk malalar da ta faru, bayanin da zai fi saurin karɓuwa shi ne "'yan ta'adda ne". Wani lokaci gaskiya ne. Ranar da ba gaskiya ba ne fa, wa zai nuna? Manomin Tibiri ba shi da ɗakin gwaji. Abin da zai tsaya masa shi ne tarihin awon wannan guntun bututun, wanda aka yi da na'urar da aka san iyakar kuskurenta, aka ajiye kwafinsa a hannun hukumar ƙasa. Wannan tarihin yana kare kamfanin ma, domin ranar da aka yi masa ƙazafi, da shi zai wanke kansa. Kuma yana kare ƙauyukan da ke kusa daga zargin haɗa baki da masu fasawa, zargin da kai ma ka san nauyinsa a wannan zamani. Ban ce kamfanin WAPCO da ke tafiyar da bututun yana ɓoye wani abu ba. Na ce amana tsakanin kamfani da ƙauye ba ta tsayawa a kan hoton da ɓangare ɗaya ya ɗauka, ya fassara, ya ajiye.

Sai maganar Sarauniya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A Afrilun 1899, da rundunar Turawa ta Bule da Shanuwan ta iso Lugu bayan ta ƙone garuruwa a hanya, Sarauniya Mangu da mutanenta ba su miƙa wuya ba. Kowane ɗan Lugu ya tashi da wannan labari, kuma ba ma son a riƙa ɗauko shi domin rufe bakin mai tambaya. Idan ikon ƙasa a kan arzikinta kake nufi, ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma a wajena ikon yana farawa daga iya auna abinka da kanka. Ƙasar da ke da mai amma dole ta karɓi duk lambar da baƙo ya miƙo mata, ko daga Sin yake ko daga Faransa, ba ta gama riƙe arzikinta ba. Muna da hukumar ma'auni da ingancin kaya, ANMC. Muna da ofishin tantance muhalli, BNEE. Muna da makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai, muna da jami'a a Doso. Guntayen bututun gwaji da na ambata ba su fi ƙarfin masu walda da injiniyoyinmu ba. Fili ne da rumfa da ma'aunai masu shaida da mutanen da aka horar. Matashin da ya koyi tantance na'urar leza a kan bututun mai, gobe shi zai tantance kamarar da ake zurawa rijiyoyin burtsatse da bututun ruwan garuruwanmu, inda kuskuren kamu biyu ke cinye kuɗin da ƙauye ya yi shekara yana tarawa.

Tunda alƙalaminka yana isa inda nawa ba ya isa, ga abin da nake roƙonka. Duk ranar da aka sake nuna maka hoton cikin bututu a kan allo, ka yaba kyansa yadda kake so, sannan ka tambayi mai nunawa: wane ne ƙaramin ramin da wannan na'ura take gani, da milimita nawa take kaucewa, yaushe aka gwada ta a kan ramin da aka san zurfinsa, kuma wa ya tsaya a wurin? Ka tambaye shi wurare nawa aka haƙa tsakanin Ƙonni da Gaya domin gwama abin da na'ura ta faɗa da abin da hannu ya auna. Idan za a yi haƙa na gaba a ƙasar Tibiri, a gayyaci maigarin wurin da ma'aikacin hukumar ma'auni da ɗalibai daga EMIG, a karanta lambobin biyu da Hausa a bakin ramin kafin a mayar da ƙasa, kowa ya sa hannu, a bar kwafi ɗaya a ofishin magajin gari.